Fadamar Haɗejiya da Nguru: wa zai tsara rabonta, mu ko masu ofis?

Ɗan Marma:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta taso a gunduwarmu ta wajen Guri, ina so waɗanda suka fi ni sani su sa baki. An kawo shawarar dagatai da ardo-ardo da sarakunan ruwa su zauna tun kafin damina, a fitar da takarda guda: nan noma, nan burtali, nan mashaya, wannan tafkin a huta masa, wancan kurmin kar a sa masa gatari. Kowa ya sa hannu, hakimi ya shaida. Wasu sun yi na'am. Wasu kuma sun ce wahalar banza ce, tunda ruwan da ake so a tsara ba a hannunmu yake ba, yana can madatsun Tiga da Challawa. Ni dai ina ganin ko ba komai a fara. Me kuka gani?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Marma, masu cewa ruwan ba a hannunku yake ba suna da hujja, bari in shimfiɗa ta yadda kowa zai gane. An gama madatsar Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa kuma a 1992. Su biyun nan suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. Kafin a yi su, kogin na damina ne: ya cika ya tumbatsa a watan Agusta da Satumba, ya malale fadama, sannan ya janye, da bazara har ka taka yashi ka haye. Yanzu ambaliyar ta ragu, amma da rani ana ta sako ruwa kaɗan-kaɗan saboda noman Kadawa da ruwan shan birnin Kano, don haka kogin ba ya bushewa. To ita kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan, abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta cika tsohon kogin Haɗejiya da mashigin Burum Gana, laka ta taru a gindinta, hanya ta toshe. Ruwan da ya rasa mafita sai ya karkata mashigin Marma ya nufi tafkin Nguru. Shi ya sa ku a can gonakinku suna cikin ruwa shekara da shekaru, su kuwa mutanen ƙasa, wajen Gashuwa, kusan duk abin da suke gani daga kogin Jama'are yake zuwa, wanda har yau ba a datse shi ba.

Manomin Kadawa:
To fa, an zo wurin. Duk sanda aka tayar da zancen fadama sai a ɗora wa Kano. Injiniya, tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan da shinkafar Kura wa yake ci? Ba mu kaɗai ba ne. Kuma miliyoyin mutanen da ke birni su sha me?

Injiniya:
Ba laifi na ɗora maka ba ɗan'uwa, yadda ruwa ke tafiya na faɗa. Babu mai cewa a rushe Tiga. Magana ita ce yaushe za a sake shi, kuma nawa.

Ɗan Sarkin Ruwa:
Ni daga ƙasar Bade nake, gidanmu kamun kifi muka gada. Bari in gaya wa mai tambaya abin da nake gani kuskure ne tun daga tushe: kun ce "nan noma, nan kiwo, nan su". A fadama babu wannan. Fili ɗaya ne yake yi wa mutum huɗu aiki a shekara. Idan ruwa ya hau, namu ne, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, tarwaɗa da karfasa da bargi. Mai shinkafa ya riga ya shuka tun ruwan farko, tana tashi tare da ambaliya. Ruwa ya fara ja, ya girbe, wani ya bi danshin ya zuba wake. An cire wake, shanu su shigo su ci harawa da kara su bar taki. Mu kuma mu koma kududdufan da suka rage, daga baya ma a haƙo gaiwa a busasshiyar laka. Idan ka ja layi a takarda ka ce wannan na manomi ne har abada, ka kori mutum uku ke nan. Abin da kakanninmu suka tsara lokaci ne. Wata kaza wane ne da wurin, wata kaza ya tashi.

Ɗan Marma:
Wallahi wannan ta shige ni. Ke nan jadawalin watanni ya kamata mu fara yi kafin taswira.

Ɗan Sarkin Ruwa:
Duka biyun, amma jadawalin ne gaba. Kuma ba sabon abu ba ne. Sarkin ruwa yana rufe tafki ya ce ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da aka buɗe. Ranar kuwa a yi shela, gari ya fito da koma da gora. Bikin kamun kifi na Gogaram ai daga irin wannan al'adar ya samo asali. Abin da ya lalata mana shi ne dumba. Mutum ɗaya mai kuɗi ya jera mali, wato tarkon kifi, ɗaruruwa ya tare bakin mashigi kaf, uwa da 'ya'ya duk su faɗa, na ƙasa da shi ya tashi a tutar babu. Ga taru mai ƙananan ido kamar gidan sauro. Wanda ya kamata ya hana, a wasu wuraren shi ke karɓar kason. Ba zan kama suna ba.

Jikan Arɗo:
Na gode wa Ɗan Sarkin Ruwa, ya faɗi rabin abin da ke bakina. Sauran rabin ga shi. Ku ce za a zauna a yi tsari, madalla. Yaushe za a zauna? Idan da damina ne, mu muna tudu, wasunmu sun haura Nijar. Sai a kira Bafulatanin da ke zaune a gefen gari mai shanu goma a ce "makiyaya sun halarta". Ranar da Udawa suka sauko da tumakinsu, ko masu jajayen shanu suka iso, ba wanda ya gaya musu an yi wata takarda. Su bi hanyar da ubanninsu suka bi, su tarar da albasa a tsakiyar burtali. Daga nan sai sanda da kibiya.
Kuma ku tuna yadda aka yi fadamar ta cika da lambu. Da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987 kowa ya ruga fadama da injin ban-ruwa. Aka zo da shirin Fadama na Bankin Duniya farkon shekarun 1990, aka raba injina da bututun rijiya. Ba na cewa sharri ne, mutane sun ci abinci. Amma wurin da shanu ke kiwo daga Janairu zuwa faɗuwar ruwa shi ne ya koma tattasai da alkama, ba tare da an ce ga madadinsa ba. Sai a kashi na biyu na shirin aka gane, aka ce dole ƙungiyoyin fadama su haɗa manomi da makiyayi da masunci su yi tsari tare kafin a ba da kuɗi. To a lokacin an riga an cinye mashaya da yawa.

Manomin Kadawa:
Jikan Arɗo, gaskiya ɗaya ce, amma ku ma ku faɗi taku. Yaro ɗan shekara goma a sake masa shanu hamsin cikin dare, ya tura su cikin shinkafar da ba a ɗauke ba. Wannan ma burtali ne ya toshe?

Jikan Arɗo:
A'a, wannan ɓarna ce, kuma duk arɗon kirki yana biyan ta. Amma ka lura, yawancin irin wannan a tsakanin girbi da ɗauke amfani take faruwa. Da akwai ranar da kowa ya sani, kafinta shanu ba sa sauka, bayanta manomi ba shi da ƙara, da rabin shari'un nan sun mutu.

Malam na Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Abin da Jikan Arɗo ya faɗa shi ake yi wajenmu. Kowace shekara hukuma tana zama da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya, a tsaida ranar sakin gonaki, a faɗa a rediyo. Kafin ranar in dabba ta shiga gona, mai ita ya biya. Bayan ranar, wanda ya bar hatsinsa a fili shi ya so. Tushen abin dokar karkara ce ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye da muke kira Kofo, tun daga ƙauye har gunduma da jiha. A na ƙauye akwai mai gari, da wakilin manoma, da na makiyaya, da na mata, da na matasa. Su ke shaida sayen gona da jingina da aro, su ke bin burtali a kafa masa turakun siminti. A 2010 kuma aka ƙara dokar kiwo wadda ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne.
Kar ku ɗauka aljanna ce. Akwai garuruwan da kwamitin suna ne kawai, ko littafin rajista babu. Akwai inda mai kuɗi ke sayen bakin tafki duk da haka. Amma in rigima ta tashi akwai inda za a nufa kafin a kai ga jandarma. Mu ma fa muna da irin kukanku na ruwa: gulbin Maraɗi daga Katsina yake zuwa, tun da aka yi madatsar Jibiya fadamarmu ba ta cika kamar da, alhali ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai.

Lauya:
Malam na Maraɗi ya taɓo inda gizo ke saƙar. A Nijar kwamitin ƙauye doka ce ta haife shi. A nan kuwa dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha gaba ɗaya a hannun gwamna a matsayin amana. Ƙaramar hukuma tana iya ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, fiye da haka sai da yardar gwamna. Dagaci da hakimi ba su da gurbi a rubuce, ko da yake kowa ya san su ake zuwa wa. Ma'ana, takardar da za ku yi, Malam Ɗan Marma, in ta tsaya a sa hannun dagatai, ranar da wani ya zo da takardar mallaka daga babban birnin jiha, tasa ce za ta yi aiki a kotu. Shawarata: in kun gama, ku kai wa majalisar ƙaramar hukuma ta mayar da ita dokar yanki, burtali da makiyaya kuma a nemi jiha ta sa su a gazet, wato jaridar da gwamnati ke wallafa dokokinta. Dokar wuraren kiwo ta Arewa tun 1965 take, amma da yawa daga wuraren da aka ware ba a taɓa yi musu gazet ba, shi ya sa aka cinye su ba tare da an karya wata doka ba. A Tanzaniya dokar filayen ƙauye ta 1999 ta ba taron gari ikon amincewa da tsarin amfani da ƙasarsa. Mu ba mu da irin wannan, sai mu bi ta inda ƙofa take.

Maman Zara:
Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu nake karantawa, an ambaci dagaci, arɗo, sarkin ruwa, lauya, ban ji an ambaci mace ba sai a bakin baƙonmu na Maraɗi, Allah ya saka masa. Ni a Nguru nake, ina sarin tabarmi da faifai daga matan ƙauyuka. Kabar da suke saƙa da ita daga ina take fitowa? Daga kurmin goruba. Wa ke tsinko ƙwallon goruba, wa ke ciro bado, wa ke banda kifin da kuke kamawa, wa ke turara shinkafar? In aka zauna aka ce wannan kurmin an rufe shi, maza sun yi tafi sun tashi, wadda ke ciyar da marayu da kuɗin tabarma ba ta ma san an yi ba sai ranar da aka ƙwace mata lauje. Kuma ba mai yankan kaba ce ke kashe goruba ba. Ita ganye take ɗiba ta bar uwar. Masu kashewa su ne masu sare itacen a yi azara, da masu cika manyan motoci da icen girki a kai birni.

Ɗan Marma:
Hajiya, kin yi gaskiya. Amma kin san halin garuruwanmu, ba za su zo su zauna gaban hakimi cikin maza su yi magana ba.

Maman Zara:
To wa ya ce sai gaban hakimi? Ku bar mu mu zauna a gidan mai gari da tsofaffin mata, mu faɗi kurmin da muke shiga da watan da muke shiga, a rubuta, tsohuwa biyu su kai muku. Ai ko rigakafin yara haka ake yi, ba a taɓa cewa ya gagara ba.

Mai Duban Tsuntsu:
Abin da Hajiya ta faɗa ya tuna mini da Muritaniya. Bayan an gama madatsar Diama a bakin kogin Senegal a 1986, fadamar ɓangarensu ta bushe ta koma gishiri. Aka kafa gandun Diawling a 1991, daga 1994 aka fara sako ruwa ta ƙofofi don a kwaikwayi ambaliya. Da aka zo tsaida lokacin buɗewa, masunta suka ce a yi da wuri saboda kifi ya yi ƙwai, matan da ke saƙa tabarma da wata ciyawar wurin suka ce a'a, ciyawar sai ta fara tsiro kafin ruwa ya rufe ta. Aka daidaita: a fara da ɗan ruwa sama-sama, sannan a riƙa ƙarawa a hankali. Kifi ya dawo, ciyawa ta dawo, tsuntsaye suka dawo. Da ba a tambayi matan ba injiniyoyi ba za su san wannan ba.
Tunda na shigo, bari in yi maganar tsuntsaye, don na ga ba wanda ya kula su. Ina cikin masu fita ƙidayar tsuntsayen ruwa da sanyi. Fadamar nan tana cikin muhimman masaukai a duk yankin Sahel ga agwagin da ke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara, ban da namu na gida, kirinjijiya da dinya da zalɓe. Tafkin Nguru da Marma shi ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya, a 2000. Baturiya da Dagona suka biyo a 2008. A 2020 UNESCO ta sa yankin Haɗejiya, Nguru da Bade cikin wuraren da take karewa. Har mijin Sarauniyar Ingila ya taɓa zuwa Dagona a 1989.

Ɗan Marma:
Ƙanena, kar ka ji haushi, amma in ka ce wa manomin shinkafa "tsuntsu", abu ɗaya ke zuwa masa: jan-baki. Ka taɓa ganin yadda suke tasowa daga cikin kacalla da asuba? Sama ta yi duhu. Yara su wuni a kan dakali suna kaɗa gwangwani da igiya, makaranta ta tashi, da yamma ka murza zangarniya ka ji ƙaiƙayi. Ka je ka gaya wa wannan mutumin mijin Sarauniya ya zo.

Mai Duban Tsuntsu:
Yaya, ai maganarmu ɗaya. Jan-baki a kacalla yake kwana yana ƙyanƙyasa. Agwagin da nake ƙirgawa ba sa son kacalla, buɗaɗɗen ruwa marar zurfi suke so da laka a gefe, irin wanda ke samuwa in ambaliya ta hau ta sauka. Abin da ya kori agwagwa shi ya kawo maka jan-baki. Shi ya kawo sauro, da dodon koɗin da ke sa wa yara tsargiya, shanun Jikan Arɗo kuma ciwon hanta. Ni ba na neman a hana kowa noma saboda tsuntsu.

Jikan Arɗo:
Kai ba ka nema, amma in aka ce gandu fa? A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa goma, Baturiya na ciki. Tambayata: rugagen da ke kewaye da wurin, da masu kaba irin na Hajiya, an zauna da su kan inda iyaka za ta bi da abin da za a bari su ɗiba? Domin in gandu ya zo da bindiga kawai, mutane za su shiga da dare, kuma wanda ya shiga da dare ba ya zaɓen abin da zai sara.

Lauya:
Wannan tambayar ita ta sa nake cewa ku gaggauta naku tsarin. Wanda ya zo teburi da takardar da gari ya amince da ita, mai nuna inda ake kiwo da inda ake yankan kaba tun kaka da kakanni, ba a yi masa kallon wanda ya zo da baki kawai.

Tsohon Malamin Gona:
Na daɗe ina sauraro. Ni na yi aiki a yankin nan lokacin da ake shirin kare fadamar da aka fara a 1987, mai ofis a Nguru. Ina so in ja hankalin yaranmu kan abu biyu.
Na farko, kar ku ɗauka ba a taɓa gwadawa ba. Farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki sun auna abin da fadama ke bayarwa, noma da kifi da itace, suka kwatanta da noman rani na kogin Kano. In aka bi ta yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta yi masa fintinkau, kuma ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba. Wannan bincike ya taimaka wajen dakatar da hanzarin madatsar Kafin Zaki a kan Jama'are. A 2006 aka yi taron Damaturu zamanin Obasanjo, jihohi shida, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka amince da tsarin kula da kogunan yankin baki ɗaya, aka kafa asusu. Takardu suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai bin su.
Na biyu, abin da na gani da idona ya yi aiki shi ne gayya. Garuruwan da ke kan Burum Gana sun sha fitowa da lauje da adda da kwale-kwale, mutum ya shiga ruwa iya ƙirji yana yankan kacalla daga ƙasa, domin in ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa sai ta shaƙe ta ruɓe, in ka yanke a sama ko ka sa wuta ka yi mata aski ne kawai. Su fito jikinsu duk matsattsaku. Ruwa ya wuce, garuruwan ƙasa da suka shekara ba su ga digo ba suka yi noman rani. Amma in garin sama ya yi nasa na tsakiya bai yi ba, aikin ya tashi a banza, bayan damina biyu ta dawo. Don haka tsarin gari ɗaya bai isa ba. Ku bi mashigin ruwan, duk garin da ke shan sa ya shigo, tun daga Likori har inda ya ƙare.

Ɗan Sarkin Ruwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai kuma masu fasa gaɓar kogi su ja ruwa gonarsu, ko su toshe mashigi da buhunan ƙasa. Wannan ma ba Tiga ba ce ta yi, mu ne.

Tsohon Malamin Gona:
Ƙwarai. Kuma wannan dagaci zai iya hanawa gobe in ya so.

Manomin Kadawa:
To ga shi kun dawo hanya. Yanzu ai an sayo injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa, ga kuɗin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja. A yashe kawai a huta.

Injiniya:
Inji yana buɗe hanya, ba ya hana ta sake toshewa. Muddin kogi ba ya samun watannin bushewa, kacalla za ta dawo. Abin da masana suka daɗe suna faɗa shi ne a sako ruwa da yawa lokaci guda da damina, a sanar da mutane tun da wuri, sannan da rani a tsuke abin da ke wucewa ƙasa. An gwada makamancin haka a Kamaru: madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Logone, a 1994 aka fasa wani shinge aka mayar da ruwa wani ɓangare, ciyawar kiwo da kifi suka farfaɗo. Amma ka ga wannan shawara ce da ake yankewa a Kano da Abuja. Inda tsarin su Ɗan Marma zai yi amfani shi ne, in garuruwa hamsin suka zo da jadawali ɗaya suka ce ga watan da muke son ruwa ga watan da ba ma so, ya fi kowa ya zo da kukansa daban, wannan na cewa a sako wancan na cewa a rufe.

Malam na Maraɗi:
Ƙarin bayani kaɗan kan dogaro da sarakunan gargajiya, kar a ɗauka su kaɗai sun isa. A Mali, fadamar Masina, tun zamanin Shehu Amadu da ya kafa daularsa a 1818 aka tsara komai: wane garke ke fara ƙetare kogi, wane ke biye, wa ke kula da kowace makiyayar burgu. An daɗe ana bikin ƙetarewar shanu a Diafarabe. Tsari ne da ya yi kusan shekara 200. Amma da masu kula da makiyayan suka mayar da kuɗin shiga abin kasuwa, suna haɗa baki da ma'aikata, talakan makiyayi ya ji an zalunce shi, kuma wannan ɓacin ran yana cikin abin da masu ɗauke da makamai suka yi amfani da shi a yankin Mopti. In za ku ba mutum ikon buɗe tafki ko makiyaya, ku rubuta nawa ake biya, ina kuɗin ke zuwa, wa zai sauke shi in ya ci amana.

Maman Zara:
Kuma a karanta a masallacin Juma'a da kasuwa, da Hausa da Fulatanci da Badanci da Barbarci. Kar a bar ta a aljihun mutum ɗaya.

Mai Duban Tsuntsu:
Wani abu kuma, kacallar ma ana iya cin moriyarta. A Rosso ta Muritaniya gawayi suke yi da ita. A Jami'ar Tarayya ta Gashuwa an yi gwajin mayar da ita abincin dabbobi da iskar girki. In ta zama kuɗi, masu yanka ba sai an yi musu shela ba, kuma goruba da bagaruwa su huta.

Ɗan Sarkin Ruwa:
In ta zama kuɗi kuma wani zai ce tasa ce, ya hana a taɓa. Ku sa wannan ma a takardar.

Ɗan Marma:
Na kwashe duka. Zan kai wa dagacinmu cewa a ɗaga zaman zuwa bayan girbi lokacin da masu shanu suka sauko, a fara da jadawalin watanni, mata su yi nasu zaman, a aika wa garuruwan da ke kan mashiginmu sama da ƙasa. Lauya, zan neme ka ta gefe kan yadda ake shigar da ita majalisar ƙaramar hukuma. Jikan Arɗo, wa ya kamata mu aika wa cikin waɗanda ba sa zaune a nan?

Jikan Arɗo:
Ku fara da arɗon da suke sauka wurinsa, shi ya san lambar kowa. Amma ina gaya maka tun yanzu, tambayar farko da za su yi ita ce mashayar da aka shuka wa albasa, za a tashi mai albasar ko ba za a tashe shi ba?

Manomin Kadawa:
In ya shekara ashirin yana nomawa fa, kuma da kuɗinsa ya saya?

Lauya:
Wa ya sayar masa, da wane iko? Ku nemo wannan amsar kafin ranar zaman, don a kanta za a fi daɗewa.